Shekarar da Na Sake Buga Littafina da Yatsu Biyu

Da na fara maganar zan ɗora takardun aikina a intanet domin manoma su karanta, babu wanda ya ce mini madalla. Malam Dauda, wanda muka yi shekaru masu yawa muna zaune a ofis ɗaya a sashen wayar da kan manoma a nan Samaru, ya ce manomin da muka yi ta bi da babur har gonarsa bai karanta takardar da muka damƙa masa a hannu ba, ƙosai aka ƙunshe a cikinta, ina kuma ga wadda za a ɓoye masa a cikin waya. Wani dattijon majami'armu ya ce intanet wurin yara ne da masu kallon ƙwallo. Ƙanena da ke Hanwa ya ce mutumin da ya haura saba'in kujera mai kyau ya kamata ya nema, ba sabon aiki ba. Na saurare su duka ban yi musu da kowa ba, domin a makarantar da aka koyar da mu ba a amsa irin wannan magana da baki. Ina rubuta wannan babi ne saboda ku 'ya'yana da jikokina kun saba ba da labarin kamar ni na yi daidai tun farko. Ba haka aka yi ba. Sun yi kuskure a kan manoma, ni kuma na yi kuskure a kan aikina, kuma nawa kuskuren ya fi nasu nauyi.

Kun san akwatin ƙarfen nan da ke ƙarƙashin gadona. A cikinsa aikin shekara talatin da biyar yake kwance: takardun da na rubuta da Hausa a kan shuka masara da dawa, da zuba taki, da yaƙi da ciyawar wuta-wuta, da tazarar kunya. Kowace takarda an buga ta da keken rubutu, sakin layi da lambarsa, zane a inda ake bukatar zane, hatimi da sa hannuna a ƙasa. A daminar da ta gabaci wannan labari na buɗe akwatin na tarar gara ta shiga ta kusurwa ɗaya ta cinye gefen takardu kusan ashirin. Na zauna a bakin gado ina riƙe da su, na kuma fahimci abin da ban so in fahimta ba: in na mutu, za ku ajiye akwatin shekara biyu saboda kunya, daga nan wani zai bukaci wurin. Abin da na sani game da ƙasar nan zai tafi ba tare da ya ƙara wa kowa buhu ɗaya ba.

Hannatu na nufa, babbar 'yata, wadda take da ofis a saman wani bene a unguwar PZ cikin Sabon Gari, inda take gina wa makarantu da masu shaguna shafukan intanet. A lokacin tana da shekara kusan arba'in da ma'aikata biyu, amma ni ina yi mata kallon wadda na koya wa riƙe fensir. Ta yi murna da maganar, ta ce za ta yi, amma sai an sake buga kowace takarda a kwamfuta. Na ƙi. Na ce a ɗauki hoton kowane shafi a ɗora shi yadda yake, da hatiminsa da lambobinsa, domin manomi ya san takardar hukuma yake karantawa, ba hirar bakin titi ba. Ta yi mini bayani a hankali cewa masu wannan sana'a a duk duniya suna da ƙa'idojin da suka amince da su, domin shafi ya buɗe a kowace irin waya, babba da ƙarama. Ta ce ta farko a cikinsu ita ce rubutu ya kasance rubutu, ba hoton rubutu ba, don ya daidaita da faɗin waya, ya yi sauƙin buɗewa, mai nema kuma ya same shi.

“Hannatu,” na ce mata, “ina bin ƙa'idar rubuta takarda tun kafin a haife ki. Ki yi yadda na ce.”

Ta dube ni ta ce, “To, Baba. Amma zan sa ma'auni a jikinsa.”

Na ce ta sa duk abin da take so. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana auna ruwan sama da awon hatsi ba ya tsoron ma'auni.

Kwana huɗu ta yi tana zuwa gida tana ɗaukar hotunan a kan teburin cin abinci. A rana ta ƙarshe mahaifiyarku, Saratu, tana zaune a gefe tana tsince shinkafa, sai ta tambaya ko a duk tarin nan akwai inda aka faɗi yadda ake ajiye wake kada ƙwari su cinye shi. Na ce wannan aikin wani sashe ne, ba nawa ba. Ta ce to lallai wancan sashen bai taɓa zuwa gidan nan ba, domin ita ce take yin aikinsu shekara arba'in. Hannatu ta yi dariya ta ce ta faɗa ta rubuta. Nan take mahaifiyarku ta zayyano yadda ake shanya wake har sai ya yi ƙara a haƙori, yadda ake cika jarka har wuya, a toshe bakinta da leda kafin a ɗaure murfi, da kuma dalilin da ya sa ba a buɗewa don a leƙa. Da yake babu takardar da za a ɗauki hotonta, Hannatu ta buga shi kai tsaye a kwamfuta. Na yarda a sa shi, amma a can ƙarshe, bayan komai nawa, kuma ban ce a rubuta sunanta ba. Ban ma yi tunanin haka ba, wannan kuwa ya fi muni.

Bayan sabuwar shekara aka buɗe shafin. Na sa aka buga mini adireshinsa a ƙananan takardu, na raba a majami'a, na raba a kasuwar Samaru wajen masu sayar da iri da maganin feshi, na kai wa Malam Dauda tasa har gida. Kowace Asabar kuma sai in sa babbar riga in hau keke mai ƙafa uku zuwa Sabon Gari, in hau benen nan da ƙyar, in tambayi Hannatu mutum nawa suka shiga a wannan mako. Ta faɗa mini, in rubuta a ƙaramin littafi mai layi, irin wanda muke rubuta ruwan sama. Adadin yana hawa kaɗan-kaɗan. Na nuna wa Malam Dauda littafin, ya juya shi sama da ƙasa, ya ce ai ko gidan makoki ana shiga da yawa. Na ɗauka hassada ce.

Sai bayan Ista Hannatu ta nuna mini sauran. Ranar ta sallami ma'aikatanta su je cin abinci, ta jawo mini kujera kusa da tata. Ta ce ma'aunin ba masu shigowa kaɗai yake ƙirgawa ba. Yana nuna wane shafi mutum ya buɗe, da wace irin na'ura, da tsawon lokacin da ya tsaya, ko da yake ba ya faɗin sunan kowa. Ta ce wata uku tana ganin abin tana rasa yadda za ta faɗa mini. Kusan duk masu shigowa da ƙananan wayoyi suke zuwa. Suna buɗe takarduna, kafin mutum ya gama gaisuwa sun fita. Gabatarwar da na rubuta, mai shafi tara, wadda na ba da tarihin aikina a ciki, kwamfuta ɗaya ce ta taɓa tsayawa a kanta, kuma tata ce. Wuri ɗaya ne kawai mutane suke zama su karanta har ƙarshe, su kuma dawo.

“Wanne ne?” na tambaya, ina zaton na wuta-wuta ne, domin shi na fi wahala a kansa.

“Na Mama ne, Baba. Na wake.”

Ban ji daɗin yadda na amsa mata ba, amma zan rubuta shi. Na ce na'urarta ba ta san manomi ba, kuma ban yi shekara talatin da biyar a rana don wani akwatin lantarki ya ba ni maki ba. Da na miƙe zan tafi ta ce ba ilimina mutane suke gudu ba, ba su ma kai ga ganinsa ba. Na sauka daga benen na kama hanyar gida.

Abin da ya cece ni tarbiyyar aiki ce. An koya mana cewa rahoton da aka rubuta a kan tebur ba a yarda da shi, ba a kuma ƙaryata shi, sai an je gona an gani. Saboda haka ranar Talata da hantsi na tafi Bomo wajen Malam Idi, tsohon manomin da a gonarsa muka yi gwajin iri sau da dama. Na tarar da shi a gindin mangwaro yana gyara ƙotar fartanya. Bayan mun gaisa mun tambayi iyali, na roƙe shi ya buɗe mini shafina a wayarsa. Wayar ƙarama ce, gilashinta a tsage, an ɗaure bayanta da roba. Ya danna takardar masara muka zuba ido. Hoton ya fara saukowa daga sama a hankali, kamar ana sauke tabarma daga kan katanga: sunan ma'aikata, sai lambar takarda, sai fari. Muka jira. Ya ɗaga wayar sama ya juya ta gabas. Da rubutun ya fito, ya yi ƙanƙanta har sai da na cire tabarau na mayar, ban iya karanta abin da ni na rubuta ba. Ya ja da yatsu ya girma, sai rabin kowane layi ya fita daga gilashin. Kafin mu kai sakin layi na uku saƙo ya shigo cewa datarsa ta kusa ƙarewa.

“Kullum haka yake yi, Malam,” in ji shi. “Amma kan takardar yana fitowa da kyau. Da na gani na ce wannan aikin Malam ne, ba tambaya.”

Bai faɗa don ya muzanta ni ba, shi ya sa ta shige ni. Sannan ya ce na wake kuwa na yi ƙoƙari, domin shi yana buɗewa nan da nan. Surukarsa ce take karanta wa matan gidan a tsakar gida, maƙwabta ma suna shigowa su ji, har an tura wa 'yarsa da ke aure a Giwa. Ya ce bana ba su zuba maganin bature a wake ba, kuma har yanzu ba a ga ƙwaro ba. Ya yi mini godiya. Ni kuwa na karɓi godiyar, na ce ba komai. Wannan ma abu ne da nake so ku sani: na sami damar in faɗi gaskiya a gindin mangwaron nan, ban faɗa ba. A hanyar dawowa na lura da wani abu kuma, cewa ma'aunin Hannatu ya ƙirga gidan Malam Idi mutum ɗaya, alhali mata fiye da goma ne suka ji. Ko a inda na ce ya yi mini rowa, mahaifiyarku ya fi yi wa.

Da na iso gida na tarar da ita tana yanka kuɓewa. Na zauna na faɗa mata komai, har da godiyar da na karɓa. Ba ta ɗaga kai ba sai da ta gama.

“Godiyar ka riƙe, Malam, ba ta cika tukunya,” ta ce. “Amma yarinyar nan da ka yi wa tsawa a ofishinta, ita za ka je ka gani.”

Washegari na koma PZ, ba Asabar ba ce. Na ce wa Hannatu na je gona na gani, rahotonta daidai ne, kuma na yi mata magana yadda bai kamata ba. Ta ce za ta sa ɗaya daga cikin ma'aikatanta ya buga takardun. Na ce a'a. Wanda bai san bambancin dawa da maiwa ba zai buga kuskure da kyakkyawan rubutu. Ni zan buga, ita ta koya mini ƙa'idojin, in bi su yadda na bi na ofis.

Ta kawo mini tsohuwar kwamfutarta gida, ta rubuta mini dokokin a takarda ɗaya na manna a bango. Kowane shafi magana ɗaya. Kan magana ya zama tambayar da manomi zai yi da bakinsa, ba sunan da muke ba abin a ofis ba. Amsar ta zo a layin farko, bayani ya biyo baya. Kowane zane a rage masa nauyi, a kuma rubuta a ƙarƙashinsa da kalmomi abin da yake nunawa, saboda wanda hoton bai buɗe masa ba da wanda idonsa ba ya gani. Kafin a saki kowane shafi kuma, a gwada shi a waya mafi rauni da ke gidan. Wannan waya ta mahaifiyarku ce. Haka ta zama mai duba aikina. In shafi ya yi jinkiri ko ta karanta ba ta gane ba, sai ta miƙo mini wayar ta ce bai wuce ba, ni kuma in koma teburi. Na taɓa yi wa daraktoci uku aiki, babu wanda ya kai ta tsanani.

Ban taɓa buga rubutu da kaina ba, domin a zamaninmu akwai masu wannan aiki. Da yatsu biyu na yi shi, daga bayan karin kumallo zuwa azahar, kullum ban da Lahadi. Bayana ya yi ciwo, idona ya yi ruwa, sau biyu na goge aikin yini guda ban san abin da na taɓa ba. Amma ba wannan ne tsadar abin ba. Tsadarsa ita ce abin da na yar. Gabatarwar nan mai shafi tara ta koma layi huɗu. Hatimi da sa hannu sun tafi. Jimlolin da na gina da alfahari, masu hawa da sauka, na datse su saboda surukar Malam Idi za ta karanta su da ƙarfi a tsakar gida, kuma numfashi yana da iyaka. Da na zo kan takardun maganin ƙwari kuwa, na tarar wasu magungunan da na yi shekaru ina yabawa an daɗe da hana amfani da su. Da hotunan nan sun buɗe da kyau, da na koya wa mutane abin da zai cutar da su, da hatimina a ƙasa. Na zauna da wannan tunani yini guda. Kusan kashi ɗaya cikin uku na akwatin bai shiga sabon shafin ba. Shafin wake kuma na ce a ɗauko shi daga ƙarshe a kawo shi gaba, a rubuta sunan mai shi a sama. Mahaifiyarku ta ce ba ta bukata. Da aka sa, ta tura wa ƙawayenta na zumuntar matan majami'a duka.

Na fara da takardun masara saboda damina ta kawo kai. Na ci gaba da zuwa PZ ranar Asabar, amma na ja sababbin layuka a littafina: wane shafi, tsawon zama, da waɗanda suka dawo. Kada wani ya gaya muku adadin masu shigowa ya yi tsalle, domin bai yi ba. Abin da ya canza shi ne sun fara zama. Shafin tazarar shuka ya riƙe mutane, na zuba taki ma haka. Na wake dai ya ci gaba da zama na ɗaya, har yau kuma shi ne. Malam Dauda ya duba sabon shafin a wayarsa, ya ce yanzu ya yi kama da abin da mutum ya rubuta wa mutum. Daga bakinsa wannan babban yabo ne. Duk da haka ma'auni bai iya gaya mini abin da na fi son sani ba, wato ko akwai wanda ya ajiye waya ya ɗauki fartanya ya yi abin da ya karanta.

Wata safiya a tsakiyar damina na ji ana sallama a ƙofar gida. Na fita na ga wani magidanci da ban sani ba, ya jingine kekensa, ƙafarsa duk laka. Ya ce sunansa Shehu, gonarsa tana gaba da Bomo, Malam Idi ne ya kwatanta masa gidan. Bai zo da fara'a ba. Ya kwance wani buhu ya fito da karan masara biyu, ganyensu ya ƙone daga gefe. Sannan ya sa hannu a aljihu ya ɗora murfin kwalba biyu a tafin hannunsa, ɗaya na ƙarfe irin na kwalbar lemo ta da, ɗaya na roba irin na gorar ruwa.

“Baba, ka rubuta a zuba taki cikin murfin kwalba ɗaya a kowane gindi. Wanne daga ciki?”

Na dubi hannunsa na ji kunya ta rufe ni. Lokacin da na rubuta wannan layi, murfin kwalba iri ɗaya ne a duk ƙasar nan, na ƙarfe. Na sake buga shi da yatsuna ban tsaya na tuna duniya ta sauya murfi ba. Na robar ya kusa ninka na ƙarfen. Na ce masa na ƙarfe nake nufi, laifin kuma nawa ne. Na tambaye shi yawan ɓarnar. Ya ce Allah ya taimake shi kunya biyu kawai ya fara gwadawa, domin shi ba ya yarda da magana sai ya gani. Na ce da a hannuna ya yi aiki da na ba shi ƙarin girma. Sai a lokacin ya yi murmushi.

Na shigar da shi falo, mahaifiyarku ta kawo masa kunu. Na kira Hannatu ta faɗa mini inda zan taɓa. A gabansa na gyara layin, na rubuta murfin ƙarfe, na ƙara cewa in na roba ne a zuba rabi, nesa kaɗan da gindin. Ya buɗe a wayarsa ya ga gyaran kafin kununsa ya huce. A da, in kuskure ya fita a takarda, sai dai mu yi addu'a kada a karanta. Ya ce akwai wani abu kuma a shafin wuta-wuta da bai yarda da shi ba. Na ce ya gyara zama. Har azahar muna musu, kuma a wuri ɗaya shi ya yi gaskiya.

Kun san ranar da aka ɗauke ni aiki da ranar da na ajiye shi, suna cikin takardun fansho, ba sai na maimaita ba. Wadda nake so ku rubuta a bayan Littafi Mai Tsarki na gidan nan, inda muke rubuta haihuwa da aure, ita ce wannan: Alhamis ta biyu ta watan Yuli, a shekarar da na cika saba'in da huɗu, ranar da wani manomi ya tuƙo keke a cikin laka ya zo har ƙofar gidana don ya gyara mini rubutu.